To wa ya koya masa?

Na ga irin zagin da kuke wa dogon yaron nan da aka ɗauko daga Afirka yake buga ƙwallon kwando a wata jami'ar Amurka, tun daren jiya. Ya yi laifi biyar an fitar da shi, shikenan kowa ya zama koci. Wani ya ce falwaya ce aka sa wa riga, wani ya ce tsawon banza, wani har da cewa a sa shi a jirgi ya dawo gida. Sannunku da ƙoƙari, masana. Sai kuma ga shi kocin nasa ya fara raɗa wa 'yan jarida cewa baɗi zai nemo "gogaggen dogo" daga wata jami'a. Madalla. Wato kai ka tsallaka teku ka ɗauko yaro don ya kai ƙafa bakwai, ka san sarai bai daɗe da fara riƙe ƙwallon kwando ba, yanzu kuma kana mamakin bai iya ba. To wa ya koya masa?

Tambayata ke nan, kuma ba zan sake ta ba. Wa ya koya masa?

Yaron Amurka mai raba ƙwallo tun yana firamare yake cikin fili, kafin ya shiga jami'a ya buga wasannin da shi kansa bai san adadinsu ba. Dogon da aka ɗauko daga Legas ko Yawunde galibi sai da ya zarce kowa tsawo a unguwa sannan wani ya tare shi a hanya ya ce zo ka gwada. Jikinsa ma bai gama sanin kansa ba. Ƙafa tana nan, hannu yana can. Aikin mai tsaron ƙarƙashin kwando kuwa kusan duk a ƙafa yake: inda za ka dasa ta, yadda za ka juya ba ka ƙara taku ba, lokacin da za ka yi tsalle da lokacin da za ka tsaya cak hannu a sama. Sabon dogo duk wanda ya yi kamar zai jefa sai ya tashi sama, shi ya sa alƙalin wasa ba ya gajiya da hura masa usur. Wannan koyarwa ake yi, a fili babu kowa, da asuba, wata da watanni. Wanda ya sayi maraƙi don kiwo ba ya wasa wuƙa a daren da ya kawo shi gida.

Ku da kuke ambaton Hakeem Olajuwon kamar da ƙwarewarsa aka haife shi, kun san yadda ya fara? Gola ne a ƙwallon ƙafa, yana kuma buga ƙwallon hannu a Legas. Ya sauka Houston a 1980, shekarar farko bai buga wa jami'ar Houston ko wasa ɗaya ba. Ta biyu daga benci yake tasowa. Da hutu ya zo sai ya riƙa zuwa filin Fonde yana karawa da Moses Malone, wanda a lokacin yake cikin ganiyarsa a NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta ƙwararru a Amurka, ya sha gwiwar hannu har ya koyi ramawa. Koci Guy Lewis bai kore shi ba. A 1984 shi aka fara ɗauka a zaɓen sababbin 'yan wasa na NBA, Michael Jordan na uku. Da a zamaninku ya zo, da tun shekarar farko kun raɗa masa falwaya.

Festus Ezeli daga birnin Benin haka, shekara guda cur ya zauna a jami'ar Vanderbilt yana atisaye kawai, sannan ya buga huɗu. Golden State ta NBA suka ɗauke shi a 2012, ya ci kofi da su a 2015. Zach Edey na jami'ar Purdue ɗan Kanada ne, ƙwallon gora na kan ƙanƙara da besbol yake yi kafin ya waiwayi kwando. Masu jera sunayen 'yan sakandare sun jefa shi can bayan mutum ɗari huɗu. Koci Matt Painter ya riƙe shi shekara huɗu, ya fara da 'yan mintuna daga benci, ya ƙare da zama gwarzon ɗan wasan jami'o'in ƙasar sau biyu a jere, 2023 da 2024, ya zuba maki 37 a wasan ƙarshe da jami'ar UConn duk da an cinye su. Wani ne ya zauna ya koya masa.

Na san me za ku ce. Joel Embiid ai shekara ɗaya ya yi a jami'ar Kansas. To sai me? Embiid nawa kuka gani tun da kuke kallo? Shi ɗin ma da aka ɗauke shi a 2014 sai 2016 ya taka fili a NBA, shekara biyu yana jinyar ƙafa yana kallo yana koyo. Wani zai jefo mini Hasheem Thabeet, wai an yi haƙuri da shi shekara uku a UConn kuma ya je NBA bai yi abin kirki ba. Malam, a jami'a dai ya tsare musu kwando har suka kai zagayen huɗun ƙarshe a 2009, abin da ya faru a Memphis, ƙungiyar NBA da ta ɗauke shi, ka je ka tambayi Memphis. Masu cewa koci ma aikinsa yake karewa, na ji, Allah ya ba shi haƙuri, albashinsa ai ba na malamin firamare ba ne.

Abin da ke ci mini rai da gaske shi ne tsarin kansa ya daina ba da lada ga mai koyarwa. Tun 2021 da aka bar ɗan wasa ya sauya jami'a ba tare da zaman shekara ba, aka kuma halatta masa karɓar kuɗin talla da sunansa, kowane koci lissafinsa ɗaya: me zai sa in sha wahalar yaro shekara biyu, ya nuna, wata babbar jami'a ta zo da jakar kuɗi ta ɗauke? Gara in jira wani ya dafa in saya. Ban ce a hana yara kuɗinsu ba, haƙƙinsu ne, an daɗe ana ci da guminsu. Amma idan kowa saye zai yi, wa zai koyar? Kuma wanda ke faɗawa ramin shi ne yaron da ya baro uwarsa yana ɗan shekara 15, bizarsa a ɗaure da makaranta, ba shi da kawu a Indiyana da zai ce masa zauna ka yi haƙuri. Sai dillali ya buga waya ya ce akwai inda za ka fi samun mintuna. Jami'a uku cikin shekara uku, koci uku, kowanne da tsarinsa, babu wanda ya tsaya ya gyara masa juyin ƙafar hagu. A ƙarshe a ce ba shi da basira.

Mu ma nan kada mu yi ta nuna Amurka da yatsa. Masai Ujiri a Zariya ya tashi, a can ya fara riƙe ƙwallo, har ya kai ga jagorantar Toronto ta ci kofin NBA a 2019. Wato yaran suna nan. Akwai dogaye a Kano da Kaduna da Jos da ba su taɓa samun wanda ya nuna musu yadda ake tsayuwa ba.

Kai, ni takalmi ma ya fi damuna. Ku zaga Sabon Gari ku nemo mini kambas lamba 50 in gani. Yaro ya kai mita biyu yana atisaye da takalmin da aka yanke wa baki don yatsu su sha iska, a kan siminti mai tsaga. Masu kawo gwanjo daga Kwatano, don Allah idan kun buɗe dila kuka ga manyan nan da ba mai saye, ku daina jefa su ƙarƙashin tebur, ku yi mini magana ta inbos, akwai masu ƙafar.