Jitar gwanjo da silifas ɗin uwargida

Mai shagon da ya sayar mini da jitar a Sabon Gari bai yi mini ƙarya ko ɗaya ba, wannan zan ba da shaida ko a gaban alƙali. Ya ce daga Turai ta zo, kuma ga alama daga can ɗin ta zo. Ya ce tana da ƙara, kuma tana da ita. Irin ƙarar ce kawai bai fayyace ba. Ranar babu wuta a layinsu, janareton maƙwabcinsa na ta ruri, sai ya jona ta a wata 'yar lasifika mai batir, ya ja tsirkiya ɗaya ta ce "dum", ya zare waya da sauri. "Oga ka ji ko? Wannan ba ta yara ba ce."

Jitar bes ce, wato mai kaurin murya, mai tsirkiya huɗu, baƙa wuluk, an kwaikwayi ƙirar Precision Bass da kamfanin Fender ya fitar a 1951, sai dai sunan da ke kanta wani ya riga ya kankare shi. Dalilin sayen kuwa cika baki ne. Abokina yana da sutudiyo a Titin Gidan Zoo, kuma kamar sauran masu sana'ar, ganga da kalangu da bes duk daga cikin fiyano yake fito da su. Na daɗe ina yi masa gorin cewa bes na hannu nauyinsa daban ne. A ƙasan jikinta fenti ya ɓantare, faɗin farcen babban yatsa, har katako ya leƙo. Da wannan ɓantarar na yi ciniki aka rage mini kuɗin mota, na taho gida ina jin na cuci Bakano a kasuwarsa.

Da magariba aka kawo wuta. Na jona ta a amfilifaya, akwatin da ke ƙara mata sauti, na murɗa murya, ban ko taɓa tsirkiya ba ɗakin ya ɗauki "zzzzzz". Uwargida ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta wuce ni ba ta ce uffan ba, ta je ta kashe firji. Ƙara na nan. Ta kashe fanka. Ƙara na nan. Sai ta juyo ta dube ni, ta dubi abin da ke rataye a wuyana.

"Baban yara, wannan ɗin ne kiɗan, ko ba a fara ba?"

Kafin gari ya waye unguwa ta cika da masana. Ƙanina ya ce wutar ce ba ta da ƙarfi. Abokina na sutudiyo ya ce fikof ne, wato abin da ke ɗaukar sautin tsirkiyoyi, ya mutu, a yi odar sabo daga Legas. Alhajin da ke jikin gidanmu ya kira ni gefe bayan asuba, ya rage murya, ya ce shi kayan gwanjo ba ka san wanda ya mutu ya bari ba, in samu habbatussauda in turara ta. Da na koma wajen mai shago kuwa, ko tashi bai yi daga kan benci ba. "Oga, ai kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa."

Ni dai na ci gaba da bincike. Na lura idan na dafa tsirkiyoyin, ƙarar ba ta ko gezau. Amma da zarar yatsana ya taɓa ƙarfen kan wayar da ke shiga jikin jitar, sai tsit. Na saki, zzzz. Na taɓa, tsit. Matsalar ita ce mutum hannu biyu gare shi, kuma bes duka biyun take so. Nan basira ta zo mini: na samo guntuwar waya, na fere bakinta, na naɗa ɗaya a ƙarfen nan, ɗaya a babban yatsan ƙafata. Wallahi ta yi aiki. Na zauna a kan tabarma ina kaɗawa cikin kwanciyar hankali, yara na leƙowa suna komawa suna ƙyalƙyala dariya, ban kula su ba, don ba yau aka fara yi wa masu ƙirƙira dariya ba.

Ranar da aka wanke tsakar gida ne na fito da kayana waje in sha iska. Siminti da danshi, ni kuma ba takalmi. Filogin amfilifayar, ashe, tuni wani ya karye masa ƙafa ta ukun nan ta ƙasa don ya shiga soket mai ido biyu. Ina sauke ƙafa na ji wani abu ya taso daga yatsa ya bi ƙwauri ya ce gaishe ka a ƙugu. Salatin da na yi har Alhaji ya jiyo ta katanga, ya ɗaga murya ya ce, "Ban gaya maka ba?" Daga baya na karanta cewa a 1976 wani mawaƙin Ingila, Keith Relf, haka wuta ta kashe shi a gidansa yana kaɗa jitar da ba a haɗa mata wayar ƙasa daidai ba. Kada kowa ya gwada dabarar yatsan nan, duk da cewa, a fagen ilimi zalla, dabara ce mai kyau.

Na ma so in sasanta da ƙarar. Wutar lantarkinmu sau 50 take juyawa a daƙiƙa, ta Amurka 60, kuma sautin G na ƙasa a bes yana kan 49. Kusan a saiti ɗaya suke. Na ba abokina shawarar ya riƙa ɗora duk waƙoƙinsa a kan G. Ya kashe waya.

Ga kuma matsala ta biyu da ƙarar ta ɓoye: tsirkiyoyi biyu masu kauri suna tsawa, sirara biyun kuma sai ka kasa kunne kafin ka ji su.

Daga ƙarshe na saɓa ta a kafaɗa zuwa rumfar Baba mai gyaran rediyo, wani dattijo da tabaransa ke ɗaure da zare ta ƙeya. Bai taɓa riƙe jita ba, kuma bai nuna alamar hakan ya dame shi ba. Ya kwantar da ita a cinya, ya jona, ya ɗauki sukundireba ya ƙwanƙwasa kan ƙananan ƙarafan da ke jere a fikof. Ɓari na sama ya ce "ɗum". Ɓari na ƙasa ya ce "ɗum". Ya zare waya daga amfilifaya ya ɗora mitarsa a bakinta, ya ƙanƙance ido.

"Mita ta nuna dubu goma da 'yan kai. Wa ya ce maka ya mutu?"

"Abokina ne, Baba. Mai sutudiyo ne."

"Allah ya shirye shi. Da wayar ciki ta tsinke, mitar ba za ta nuna komai ba."

Shi fikof ba wani sihiri ba ne: maganaɗisu ne aka naɗe da siririyar wayar tagulla zagaye dubbai. Tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a samansa, sai ta haifar da 'yar wuta kaɗan a cikin naɗin, amfilifaya ta kumbura ta. Irin nawa mai ɓari biyu, wanda aka fara sa wa Precision a 1957, an naɗa ɓari ɗaya hagu ɗaya dama, maganaɗisunsu ma kishiyoyi, don ƙugin wutar gida da ya shiga ɗaya, ɗayan ya kashe shi. Wato da gangan aka ƙera shi don kada ya yi abin da nawa ke yi. Da na ba Baba labarin yatsan ƙafa, ya cire tabarau ya dube ni da ido tsirara na ɗan lokaci, ya mayar, bai ce komai ba. Sai ya sassauta tsirkiyoyi ya kwance birij, farantin ƙarfen da ke riƙe gindinsu.

A ƙarƙashi akwai ɗan rami, daga cikinsa ya kamata wata waya ta fito ta kwanta, faranti ya danne ta, domin tsirkiyoyi da mai kaɗa su su haɗu da ƙasan da'irar. Wayar ta zame ta koma ciki. Baba ya zaƙulo ta da lanƙwasasshiyar allura, ya fere, ya baza gashinta a kan katako, ya goge tsatsar bayan faranti da sanfefa, ya mayar ya ɗaure. Ya jona. Ya dafa tsirkiya. Tsit.

"Aikin da ƙafarka ke yi ke nan, yaro. Yanzu ka sallame ta."

Ya kuma canja mini filogi mai ƙafa uku kafin in roƙa. Don in rama, na ce, "Baba, ka san wanda ya ƙirƙiro wannan jitar, Leo Fender, shi ma mai gyaran rediyo ne a Kalifoniya? Kuma bai iya kaɗa jita ba." Bai ɗago ba. "To da wa kake zaton zai ƙera? Makaɗi?"

Sirara biyun kuwa, ɓarin fikof ɗinsu ne ya nutse. A ƙarƙashinsa akwai soson da ke tura shi sama, tsufa ya mai da shi gari, sai tazara ta yi yawa. Ya kamata idan ka danne tsirkiya a gaɓar ƙarshe, tsakaninta da fikof ya zama milimita biyu zuwa uku. Baba ya ce sosan katifa ya cika laushi, in samo roba mai ɗan tauri. A gida na ga wani silifas a ƙofar bayi. Duk mai adalci da ya gan shi zai ce an yar da shi ne. Na yanko dunduniyar da reza, na cusa, na ɗaure sukurori, tsirkiyoyi huɗu suka yi magana da murya ɗaya.

Saura ɓantarar. Wani fenta da ke feshin adaidaita sahu ya ce zai cike da bodi fila ya fesa mini ita gaba ɗaya, sai dai ruwan ɗorawa kaɗai ya rage masa a gwangwani. Na gode masa. A intanet na ga yadda masu gyara ke yi: da farko ka san irin fentin. Ka ɗiga asiton, sinadarin da ke cikin ruwan goge jan farce, a ɓoyayyen wuri. In ya narke, tsohon nau'in nan ne na naitiro, in bai motsa ba, foli ne mai tauri, shi kuwa sufa gulu ke cike shi. Na ari ruwan goge jan farce daga kan madubin uwargida. Fenti bai motsa ba. Na shafe katakon da baƙar maka, na fara ɗiga gulu.

Masu bidiyon sun ce ɗigo kaɗan, a jira ya bushe, a ƙara. Su ba a Kano suke ba, ba su san yadda zafi ke sa bututun nan ya yi amai da kansa ba. Gulu ya kwararo ya nufi gefe. Na tare da auduga, auduga ta yi zafi ta fara hayaƙi, don haka sufa gulu ke yi da auduga. Na yar da ita na tare da hannu. Yatsu uku suka zauna daram a ƙugun jitar.

Na ɗan jira ko za su sake shawara. Sannan na yi kira, cikin murya mai taushi irin ta farkon aure.

Ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya da dunduniya, ɗaya babu. Ta ga kwalbarta a ƙasa, inda hannuna ba ya kaiwa. Ta ɗauka, ta jawo kujera 'yar tsugunno, ta zauna.

"Baban yara, ɓera ne ya ci mini silifas?"

"Ɓerayen yanzu ba su da tsoron Allah."

"Da reza?"

Na ce wannan magana ce mai tsawo, a fara ceto hannu. Ta ce ita ba ta da sauri, tuwo ya riga ya nuna. Aka yi zaman sulhu ina rungume da jita. Ban amsa wani laifi ba, sai dai na ga dacewar in yi mata kyautar takalmi, ba na roba ba, da sabuwar kwalba, da alƙawarin ba kiɗa bayan isha'i. Sannan ta riƙa ɗiga ruwan a gefen yatsuna tana murza su a hankali har suka saki, suka bar wa jitar hoton zanensu.

Sauran aikin na haƙuri ne. Na naɗe gefunan reza da salatif na bar tsakiya, na kankare tudun gulu har ya yi daidai da fenti. Na bi da sanfefa da ruwa, lamba 800, 1000, 1500, 2000. Da na ga bai yi ƙyalli ba na ɗauko sosan ƙarfe na wanke tukunya, mai laushin. Minti kaɗan na waiwaya, fikof ya tsiro gemu kamar na bunsuru, duk garin ƙarfen ya tafi wajen maganaɗisu ya miƙe tsaye. In ya shige cikin naɗin wayar, to fikof ɗin da Baba ya ce yana raye zai iya mutuwa da gaske. Da salatif na riƙa mannawa ina ɗagowa har na aske shi tas. Man goge mota ya kammala aikin.

Wurin ya yi sumul, yatsa ba ya jin gaɓa. Sai dai baƙar maka, da ta haɗu da gulu, ta koma shuni-shuni, kuma a rana kana hango zanen yatsu uku a gefe.

Na kai ta sutudiyo. Abokina ya jona, ya kasa kunne, bai ji ƙugi ba, ya ja tsirkiyoyi ɗaya bayan ɗaya, ya yi shiru irin na wanda aka kayar. Sai idonsa ya sauka a kan gyaran.

"Me ya samu nan?"

Na ba shi labari, ban da silifas. Ya riƙe baki. Ya ce ai tun 1995 Fender ke sayar da sababbin jitoci da aka ƙwarzane da gangan a masana'anta, Relic suke kiransu, kuma sun fi masu sheƙi tsada, don Turawa na son a ce kayansu sun sha duniya. Ɓantarar nan da na toshe, in ji shi, ita kaɗai ce abin da ke jikin jitar da ya yi kama da na masu kuɗi.

Na koma wajen fenta na tambaye shi ko zai iya ƙwarzane mini ita da ilimi. Ya ce zai iya, amma kuɗin ya fi na feshi, domin bai taɓa yi da gangan ba.