Wai wane irin Turanci ne bankuna suke mana a takardar bashi?

Wallahi abin nan ya kai ni maƙura. In banki yana neman kuɗinka Hausa zalla zai yi maka, tallarsu a rediyo da Hausa, yaran da suke turowa cikin Kantin Kwari su buɗe wa mutane akawun Hausa suke ji kamar jakin Kano, Alhaji ina kwana, Alhaji ya kasuwa, Allah ya kawo ciniki. Amma ranar da aka zo maganar bashi ko cire-ciren kuɗi sai a turo maka takarda cike da wani Turanci wanda ko malamin da ya koya mana Turanci a sakandare sai ya tsaya ya yi tunani.

Kuma fa ba manyan kalmomi ba ne, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ƙanana ne waɗanda ɗan firamare ma ya sani, sai su ɗauki biyu su manna su wuri guda su zama sunan wani abu daban wanda ba ruwansa da ma'anar da ka sani. Rollover, write-off, set-off, top-up, chargeback, turnover. Kana gani ka ɗauka ka gane, ka sa hannu, sai daga baya ka ji a jikinka.

Maƙwabcina a kasuwa, dattijo mai sayar da shadda, ya karɓi bashi ya saro kaya, lokacin biya ya yi ciniki bai buɗe ba, ya je ya roƙi a ɗaga masa ƙafa. Yaron da ke kan tebur ya ce ai ba damuwa Baba, rollover za mu yi maka. Bawan Allah ya dawo shago yana sa musu albarka, shi a tunaninsa lamuni aka yi masa irin wanda muke yi wa juna a kasuwa. Ashe sabunta bashin aka yi, kuɗin ruwa ya ci gaba da hawa, ga wani caji a kai. Na gan shi da idona zaune kan bandir, ya ɗage tabarau yana bin takardar da yatsa layi-layi, yana tambayata ɗana ina wurin da aka rubuta za a ƙara min kuɗi? Yana nan a rubuce, amma cikin kalma ɗaya aka dunƙule shi. Haba jama'a! Me zai hana yaron nan ya ce Baba za mu ƙara maka lokaci amma za ka biya kaza a sama? Minti nawa zai ci masa?

Haka top-up, su kira ka a waya murya mai daɗi wai ka cancanci top-up, kai ka ɗauka irin na katin waya ne, alhali sabon bashi ne za a ɗora maka kan wanda ba ka gama biya ba. Write-off kuma mutane da yawa sun ɗauka yafiya ce, a'a, su ne suka cire bashin daga lissafin littafinsu, kai kuwa ana binka har gobe kuma sunanka yana nan cikin waɗanda ba su biya ba. Shi set-off ya fi duka zafi, tun 2020 Babban Bankin Najeriya ya ba da damar in ka gaza biyan bashi a bi BVN ɗinka a kwashe kuɗi daga akawun ɗinka na wani bankin daban, kuma da sa hannunka, yana cikin takardar da aka ce maka sa hannu nan, sa nan, da nan.

Masu POS ma suna shan nasu, ka ba mutum kuɗi a hannu ya tafi, daga baya a janye daga wajenka a turo saƙo wai chargeback. Turnover kuma jimillar kuɗin da suka bi ta hannunka ne, ba riba ba, amma sau nawa aka ce wa ɗan kasuwa ga bambancin kafin ya cike fom?

Kar wani ya zo ya ce min ai laifinmu ne da ba mu yi boko mai zurfi ba. Mutumin da yake riƙe lissafin dila ɗari a kansa, ya saro kaya daga Caina ya sayar har Nijar da Chadi, ba jahili ba ne. Kuma Hausa ba ta rasa kalmomin kasuwanci ba, muna da bashi, lamuni, jingina, uwar kuɗi, riba, faɗuwa, la'ada, kafin alƙalami, da su kakanninmu suka yi fatauci tun daga Kurmi har Gwanja. Takardar naira 200 da 500 da 1000 ma da ajami aka rubuta adadinsu, wasu na'urorin ATM suna ba ka zaɓin Hausa, to me ya sa takardar bashi ce kaɗai ba za a iya fassarawa ba, wadda ita ce take iya raba mutum da shagonsa?

Babban Banki ya fitar da ƙa'idojin kare haƙƙin kwastoma tun 2019, cewa a yi wa mutum bayani a fili kafin ya amince, amma wa yake bibiya? Ƙungiyoyinmu na kasuwa don Allah ku tashi, duk bankin da zai shigo neman kwastoma ya zo da sharuɗɗansa da Hausa a rubuce, a karanta wa mutum a gaban shaida, nawa zai karɓa, nawa zai biya, me zai faru in ya makara. Wanda ya ƙi, a hana yaransa yawo cikin layukanmu.