Tanko Ya Dawo Daga Samaru

(Ajin firamare a ƙauye, saura kwana uku Sallah. An tura bencina gefe. Tanko ɗan boko na tsaye cikin kwat da tabarau, gumi na bin wuyansa, ya rungume takardu. Kawu na zaune a kan teburin malami yana ɓara goro. Wanzami ya rataye zabirarsa a ƙusar allo.)

TANKO: To jama'a, mu fara gwaji. Akcuwali, wasan nan da na rubuta...

KAWU: Wane ne Akcuwali? Shi ma yana cikin wasan?

WANZAMI: Abokinsa ne na Zariya. Tun da ya dawo ba ya buɗe baki sai ya fara gaishe shi.

TANKO: Kawu, don Allah. Kuma a nan wurin ni darakta ne. A riƙa ce mini T.K.

KAWU: Tike? Ikon Allah. Mata uku ƙanwata ta jera kafin kai, shi ya sa aka ce Tanko. Ga wanda ya yi maka askin suna nan a zaune.

WANZAMI: Har da kaciya. Ban ga wani Tike a wurin ba.

TANKO: A bar wannan maganar. Labarin shi ne, wani yaro ya tafi makaranta, ilimi ya mayar da shi wani mutum daban, ya dawo gida ubansa bai gane shi ba. Ni ne yaron. Kawu, kai ne uban, baƙauye, jahili.

KAWU: Na gode da sarauta. A ina ka samo labarin?

TANKO: Daga kaina na ƙirƙiro shi.

WANZAMI: Yaron yana sa kwat da bazara?

TANKO: Yana sawa.

WANZAMI: Yana gaida kawunsa a tsaye, hannu a aljihu?

TANKO: Ya aka yi ka sani?

WANZAMI: Duba nake taɓawa.

TANKO: Matsalarku ba ku san wasan kwaikwayo ba. Shekara huɗu na yi ina karanta shi a Jami'ar Ahmadu Bello, jami'ar da ke nan tun 1962.

KAWU: Ni za ka koya wa kwaikwayo? Kaka uku a jere ni ne Alƙalin kalankuwa a garin nan. Rawanina tsumma, amma sai da na ci Sarkin Noma na gaske tarar kaza, kuma ya biya. Wannan kuwa shi aka ɗaura wa igiya a tashen gwauro, aka zaga gari da shi ana kiɗa.

WANZAMI: Wannan ba wasa ba ne, Alhaji. Matata ce ta yi yaji a azumin.

TANKO: Wancan gargajiya ce. Ni tarihin boko nake son nunawa, tun daga 1909 da Hans Vischer ya buɗe makaranta a Nassarawa ta Kano. Bature ne, amma ya iya Hausa har aka sa masa suna Ɗan Hausa.

KAWU: Tsaya. Wato Bature ya yi ta karatu har ya zama Ɗan Hausa, kai kuma ɗan Hausa ka yi ta karatu har ka zama Tike.

WANZAMI: An yi musaya ke nan. Wa ya ci riba?

TANKO: (yana goge gumi) Kawu, tunda ba ka iya karatu ba, zan riƙa faɗa kana maimaitawa.

KAWU: Miƙo takardar nan. A 1976, da Obasanjo ya buɗe firamare kyauta, a wannan ajin aka zaunar da ni, can gindin taga. (Ya nisanta takardar da idonsa.) "Baki sun cika gidanmu." Subhanallahi. Bakin wa? Da haƙora ko babu?

TANKO: Baƙi! Baƙi nake nufi!

KAWU: Abin da ka rubuta nake karantawa. "Ɗana, zo mu yi bari." A'a, wannan ko ɓari ne? Me za mu zubar? Bari in je ƙarshe, inda yaron ke jawabi. "Ya ku jama'a, ilimi shi ne kashin bayan al'umma."

WANZAMI: (ya toshe hanci) Wa'iyazubillahi. A gaban Hakimi za ka faɗi wannan?

TANKO: Ƙashi! Ƙashin baya! Wayata ce ba ta da haruffa masu ƙugiya.

KAWU: Malaminmu bulala uku yake yi a kan kowace ƙugiya da ka yar. Da kai ne, da yanzu a rigingine ba ka kwana. Shekara huɗu a Samaru, ka dawo da tabarau ka baro ƙugiya.

TANKO: To tunda ka fi ni sani, zo ka yi ɗan bokon!

KAWU: Dama. Tuɓe.

(Kawu ya sa kwat, hannuwan sun tsaya masa a gwiwar hannu. Ya ɗora tabarau a ƙarshen hanci. Tanko ya zura rigar Kawu, ya zauna a tabarma yana huci.)

KAWU: (hannu a aljihu, yana maƙe murya) Helo Baba. Akcuwali, gidan nan naku yana warin daddawa. Kuma wannan tuwon ba shi da bitamin. Yu no, ni ba na cin abu da hannu.

TANKO: Kai, rufe mana baki! Buhun gero nawa aka kai kasuwa aka biya maka kuɗin makaranta? Tunkiyar uwarka mai ciki fa, da aka sayar ranar da za ka tafi? Da cokali aka yi noman? Durƙusa ka gaida mutane, marar kunya!

(Shiru. Wanzami ya ɗauki takardar yana juyawa.)

WANZAMI: Darakta, wannan a wane shafi yake?

TANKO: Ba... ba ya ciki.

KAWU: A sa shi. Shi kaɗai ne bai rasa ƙugiya ba.

(Inna ta yi sallama da kwanon tuwon dawa da miyar kuka, man shanu na yawo a kai. Ta dubi mai kwat, ta dubi na tabarma.)

INNA: Yau na ga abin da ya isa. Wanne ne nawa a ciki?

WANZAMI: Ajiye kwanon za ki gani.

INNA: To ga cokalin da aka ce kullum in riƙa haɗowa da shi. Na mai kwat ne.

(Ta miƙa wa Kawu cokali. Tanko ya riga ya naɗe hannun riga, ya yanko loma ta biyu. Wanzami ya matso. Kawu ya kai cokali, tuwon ya zame, ya sake kaiwa, miyar ta tsiyaye.)

KAWU: Tanko.

TANKO: (baki cike) Sunanka Tike. Ba a gama wasa ba.

KAWU: Karɓi kwat ɗinka, ɗan nan, malmala ɗaya ta rage!