Mai Zinare 23 Ma Ya Kulle Kansa a Ɗaki

A watan Maris na 2024, lokacin da Ghana ta karɓi baƙuncin Wasannin Afirka, muna zaune a majalisar ataya a Nima bayan sallar isha'i, sai wani matashi ya miƙo waya yana nuna mana gasar ninƙaya da ake yi a Borteyman. Hira ta yi hira har aka zo kan Michael Phelps, Ba'amurken da babu wanda ya kai shi tara lambobi a tarihin gasar Olamfik. Na ce ai shi da bakinsa ya faɗa cewa akwai lokacin da rayuwa ta fita masa a rai. Wani dattijo da muke ganin girmansa ya ajiye kofi ya ce, "Malam, mutum da zinare 23, me ya rasa? Rashin godiyar Allah ne kawai." Na ce, "Baba, ba haka ba ne," amma ban iya ƙarasa bayani a daren ba. Wannan tambaya ta "me ya rasa?" ta daɗe tana rufe bakin mutane a zangonmu, shi ya sa na dawo mata.

An haifi Phelps a birnin Baltimore a 1985, ya fara shiga ruwa yana ɗan shekara bakwai. Yana da tara iyayensa suka rabu. Likitoci kuma sun gano yana da larurar nan da ke hana yaro zama wuri ɗaya ko tattara hankali a aji, irin yaron da a wajenmu za a ce ba ya jin magana, a yi ta zane shi. Ruwa ne ya karɓi wannan ƙiriniya. Da shekara 15 ya je Olamfik a Sidni a 2000. A Atens a 2004 ya ci zinare shida da tagulla biyu. A Beijin a 2008 ya kwashe zinare takwas, ya karya tarihin Mark Spitz na guda bakwai da ke nan tun 1972. A ɗaya daga cikin tseren, na mita 200 a salon malam-buɗe-littafi, ruwa ya cika masa tabarau har ya daina gani, sai ya koma ƙirga bugun hannunsa, ya zo na ɗaya, ya kuma kafa sabon tarihin duniya. Kafin ya ajiye wasa bayan Riyo a 2016, lambobinsa sun kai 28.

Mutumin da ya iya cin tsere ido a rufe ba rago ba ne. Amma a duba abin da ke biyo bayan kowace nasara. Watanni kaɗan bayan Atens 'yan sanda suka kama shi yana tuƙi a buge. A farkon 2009 hotonsa ya fito yana zuƙar wiwi, aka dakatar da shi wata uku. Bayan Landan a 2012, inda ya ƙara zinare huɗu da azurfa biyu, ya ce ya shafe kwanaki a ɗaki shi kaɗai, ba ci, barci ma sama-sama, ba ya son ya ci gaba da rayuwa. A Satumban 2014 aka sake kama shi da tuƙi cikin maye, daga nan ya shiga wata cibiyar jinya a jihar Arizona, ya yi kwana 45. A Janairun 2018, a wani taro a Shikago, ya fito fili ya ce bayan kowace Olamfik yakan faɗa cikin matsanancin ciwon damuwa.

Abin da na fahimta shi ne, tun yana yaro an ɗaure rayuwarsa gaba ɗaya a kan agogon tsere. Ya yi shekaru yana atisaye kullum, har Lahadi da ranakun biki. Ranar da aka tashi daga gasa, jama'a suka watse, sai ya rasa abin da zai farka dominsa. Giya da wiwi sun zo ne daga baya, don a danne abin da ke cin rai.

Mu ma muna da irinsa, sai dai babu kyamara a kansu. Tun da Mohammed Kudus ya tashi daga Nima ya yi suna a Turai, kowane fili cike yake da yaran da suka ɗora burinsu a kan ƙwallo. Ɗan maƙwabcinmu ya tafi gwaji wata ƙasa, unguwa ta raka shi da addu'a, bayan wata biyu ya dawo da jakarsa. Ya shige ɗaki. Mahaifiyarsa takan ajiye masa waakye a bakin ƙofa da safe, ta ɗauke da azahar ko buɗewa bai yi ba. Wasu suka ce girman kai ne, wasu suka ce jifa aka yi masa. Haka muke da mai jegon da ke kuka ba ta san dalili ba, da 'yar da ta dawo daga aikatau a ƙasashen Larabawa ta daina magana, da ɗan da ke waje yana ciyar da gida guda, wanda ba shi da ikon cewa ya gaji. Kalma ɗaya muka riƙe, wato hauka, kuma sai mun ga mutum yana tsince-tsince a bola muke yarda ba shi da lafiya. Kafin a kai nan, wasu sun riga sun kama tiramol.

Masu cewa rashin tawakkali ne, ina roƙonsu su sake karanta Suratu Yusuf. Annabi Yakubu, Alaihis Salam, ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, kuma babu mai shakkar imaninsa. A tarihin Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, akwai shekarar da ake kira Shekarar Baƙin Ciki, wadda ya rasa Nana Khadija da baffansa Abu Ɗalib. Shi ne kuma ya sanar da mu cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Mai ciwon suga yana addu'a yana shan ƙwayarsa, ba mu taɓa ce masa imaninsa ya yi rauni ba.

Akwai magana ɗaya mai nauyi da zan yarda da ita: Phelps yana da kuɗin kwana 45 a cibiyar jinya, yaron Nima ba shi da su. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati uku ne a ƙasar nan, na Accra da Pantang da Ankaful, dukkansu a kudu. An yi Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa mai lamba 846 a 2012, amma kuɗin aiwatar da ita ba ya isa. A shekarar 2012 ɗin dai, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan yadda ake ɗaure marasa lafiya da mari a wuraren addu'a. Sai a 2023 majalisar dokoki ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuka. Kafin nan, wanda Allah ya kuɓutar, kotu ke jiransa. Dole mu ci gaba da matsa wa gwamnati. Amma ba talauci ne ke sa mu ce wa mutum "me ka rasa?" ba, kuma limaminmu ba ya buƙatar kasafin kuɗi kafin ya yi huɗuba ɗaya a kan ciwon damuwa, ko malami ya ce wa uwa, "Hajiya, ga rubutu, amma gobe a kai shi asibiti."

Ɗan maƙwabcin nan kawunsa ne ya zauna a bakin ƙofarsa dare uku, bai yi masa faɗa ba, har ya yarda suka je wajen wata ma'aikaciyar jinya da ke duba masu irin wannan larura. Yana shan magani yanzu. Bai warke sarai ba, kamar yadda Phelps ma yake cewa nasa ciwon na nan yana zuwa yana tafiya. Idan aka kwana biyu ba a ga yaron a majalisa ba, abokansa sukan ɗauki butar ataya su tafi ɗakinsa.