Wai barin ciwo ya yi ɓawo ƙauyanci ne?

Ranar Talata aka kira ni daga makarantar su autana a nan Ingila, wai ya faɗi a filin wasa ya ƙuje gwiwa. Na same shi a wani ɗan ɗaki fari fat, bango duk hotunan zomaye, akwatin magani kore a rataye kusa da ƙofa. Matar da ke duba yara ta sa safar hannu shuɗiya, ta wanke ciwon da ruwa, ta tsane shi, ta manna filasta. Sannan ta miƙo mini takarda in sa hannu: ƙarfe nawa ya faɗi, a ina, wace ƙafa ce, wa ya gani. Duk wannan a kan ƙujewar da a gida ko sallar la'asar ba za ta hana yaro zuwa ba.

Na ce mata in mun koma gida zan ɓare filastar ciwon ya sha iska ya yi ɓawo, haka muke yi a wajenmu. Ta dube ni da murmushin tausayi, ta ce ai an daina wannan tun da daɗewa. Maganar ba ta dame ni kamar kallon ba. Kallo ne na wadda take ganin ni da duk wanda ya haife ni ba mu san komai ba.

To, bari in faɗi abin da ke faruwa idan fata ta tsage, don jikin Bature da na Bahaushe aiki ɗaya suke yi. Da farko jijiyar da ta yanke takan tsuke kanta don jini ya rage gudu. Nan take wasu ƙananan ƙwayoyin jini da likitoci ke kira filatilet su taru a bakin ciwon, su manne da juna su toshe kafar. A cikin jinin da bai fi kan allura ba, mai lafiya yana da su tsakanin 150,000 zuwa 450,000. Wannan toshiyar ba ta da ƙarfi, shi ya sa wani sinadari da hanta ke yi, wanda dama yana narke cikin jini, yake rikiɗewa ya zama zare-zare, ya saƙu kamar komar masunta, ya kama jajayen ƙwayoyin jini. Gudan jinin ke nan. Saƙar ba ta yiwuwa sai da bitamin K, shi ya sa a nan ake ba jarirai shi da zarar an haife su. Idan gudan ya sha iska ya bushe, shi ne ɓawo. A ƙarƙashinsa fararen ƙwayoyin jini na cinye ƙwayoyin cuta, sabuwar fata kuma na rarrafowa daga gefe zuwa tsakiya. Yaron da ya ɓamɓare ɓawo kafin lokaci, wannan ɗanyar fatar yake yagewa, sai a koma farko, tabo kuma ya fi fitowa.

Matar tana da hujjarta, ban musa ba. A 1962 wani masanin Ingila, George Winter, ya yi gwaji a kan aladu, ya ga raunin da aka rufe ya zauna da danshi yana yin sabuwar fata da sauri, kusan ninki biyu na wanda aka bari ya bushe. Dalili kuwa, idan akwai busasshen ɓawo sai sabuwar fatar ta kutsa ta ƙarƙashinsa. Daga nan aka samo irin filastar da ke kantunan magani a nan, mai taushi, ruwan wanka ba ya shiga, ta yi kwanaki ba ta ɓalle ba.

Amma wa ya ce mata Inna tana da wannan filastar ta ƙi sawa? Rufe ciwo yana amfani ne idan an wanke shi da ruwa mai tsabta, an rufe da abu mai tsabta, an kuma canza idan ya ɓaci. Ka ɗaure ƙafar yaro da tsumma a zafin watan Afrilu, yana gumi, yana tsalle cikin ƙura, ka ga yadda mugunya za ta taru. A irin wannan hali, matar da ta wanke ciwo da ruwan ɗumi da gishiri ta bar shi ya yi ɓawo, ta yi abin da ya fi dacewa da abin da ke hannunta. Ɓawon ne ke tare ƙuda da ƙura, kuma ba a sayensa. Wanzaminmu ya san danne ciwo har jini ya tsaya, ya san garin bagaruwa yana tsuke nama. Zumar da kakanninmu ke shafawa a gyambo, yau ga ta a asibitocin nan cikin kwali, an tace ta, galibi daga ƙasar Niyu Zilan, da tsadarta.

Akwai abin da ba zan kare ba. Barbaɗa ƙasa ko toka a ciwo, zuba man birki kamar yadda wasu kanikawa ke yi, fasa kafso a zazzage, duk ɓarna ce. Ƙwayar cutar sarƙe-haƙora a cikin ƙasa da kashin dabbobi take zaune, mun kuma rasa mutane da dama ta wannan hanya. Sai dai wanda ya zuba man birki a gareji, sau da yawa ba shi da famfon da zai wanke hannu a kusa, in ya je asibitin unguwa kuma sai ya sayi auduga da kansa.

Waɗanda suka fi ƙona mini rai ma 'yan uwanmu ne da ke zaune a nan. Mutum ya shekara biyu a Turai, sai ya kunna waya ya hau TikTok yana yi wa mutanen gida dariya, wai har yanzu suna barin ciwo ya sha iska. Uwar da yake yi wa dariyar ita ta yi jinyar duk faɗuwar da ya yi, da fitilar ƙwai da ruwan randa, ga shi nan da ƙafafunsa biyu lafiya lau. In da gaske abin ya dame shi, kuɗin da yake kashewa a kan wayar ya isa ya haƙa wa unguwarsu rijiyar burtsatse, ko ya kai yaran gidansu a yi musu allurar rigakafi. Ban taɓa ganin ɗayansu ya yi bidiyo a kan wannan ba.