Rada na ganin babur, ba ta san wanda ke kai ba

Duk sa'ad da aka ce gwamnati ta sayo jirgin yaƙi, hirar majalisa a Kaduna ba ta wuce gudunsa da girman bama-bamansa. Da wuya ka ji an tambayi abin da ke cikin hancin jirgin, wato rada, alhali ita ke nemo abokin gaba, ta auna nisansa da saurinsa, ta miƙa wa makami lissafin.

Igiyar rediyo take harbawa, ta saurari abin da ya dawo. Duk abin da ke motsi yakan ɗan sauya mitar igiyar, da haka take ware jirgi ko mota daga duwatsu da gonaki. Jiragen JF-17 uku da Najeriya ta karɓa daga Pakistan a 2021 suna ɗauke da radar KLJ-7 ƙirar Sin, mai farantin da ke juyawa. Sabon samfuri kuwa, AESA, farantinsa a kafe yake. Ɗaruruwan ƙananan na'urori ke karkata igiyar cikin ƙiftawar ido, ta bi jirage da yawa a lokaci guda. Da wannan dillalan makamai suke talla.

To, 'yan bindigar dajin Kamuku jirgi gare su? Daga ƙasa irinsu suka harbo jirgin yaƙin Alpha Jet a Zamfara a Yulin 2021. Abin da ya dame mu shi ne abin da rada ke gani a ƙasa. Kowa ya san hazon hunturu, wanda kan sa a soke tashin jirage a arewa. Kyamarar Super Tucano, duk kyanta, ƙura na rage mata gani. Rada ba ruwanta da hazo ko dare: mai kyau tana zana hoton ƙasa, ta nuna ababen hawa da ke tafiya. A ganina da wannan ma'auni ya kamata a auna jiragen M-346 guda 24 da aka yi oda daga Italiya.

Amma kada a ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Igiyar da irin waɗannan na'urori ke aiki da ita ba ta ratsa ganye mai kauri, don haka sansanin da ke ƙarƙashin itatuwa yakan kuɓuce mata. Ayarin babura a hanyar Birnin Gwari kuwa ɗigo-ɗigo ne kawai a allon matuƙi, ko na ɓarayin daji ne, ko 'yan kasuwa, ko 'yan rakiyar amarya. A Tudun Biri, Disambar 2023, jirgi marar matuƙi na sojan ƙasa ne ya faɗa wa masu Maulidi, NEMA ta ƙirga gawa 85. Ba rada ce ta yi wannan ba, amma giɓin ɗaya ne: an ga taro daga sama, ba a tabbatar da su wane ne daga ƙasa ba.

Kwamitocin tsaro na majalisar tarayya su tambayi wa ke tabbatar da abin da allo ya nuna kafin a harba, kuma injiniyoyi nawa na AFIT, makarantar fasaha ta sojan sama da ke nan Mando, za su iya gyara radar idan ta lalace ba tare da an jira Baturen kamfani ba.