Wanda zai bar aiki a Saudiyya, ya fita ta ƙofa

'Yan uwa mazauna Makka, Jidda da Madina, akwai wata ɗabi'a da ta yi mana katutu: mutum ya gaji da wurin aiki, sai kawai ya kashe waya, ya koma ɗakin abokinsa a Shara Mansur ta Makka, wai shi ya huce haushi. Kafili kuwa, wato mai gidan da ya ɗauke ka aiki, ba zai sha wahalar nemanka ba. Hurub zai buga maka, wato rahoton ka gudu daga aiki, iƙamarka ta izinin zama ta zama katin banza, ka dinga ratse hanya duk inda ka hango motar 'yan sanda.

Na san akwai kafilan da ba su cancanci ko sallama ba. Wani ya riƙe albashin watanni, wani ya ɓoye fasfo a durowa, abin da doka ta hana. Duk da haka ni ra'ayina shi ne a rubuta istiƙala, wato takardar ajiye aiki, a miƙa, a riƙe kwafi mai kwanan wata. Haƙƙinka kake karewa.

Ga lissafin. Dokar ƙwadago ta Saudiyya ta ba ma'aikaci kuɗin sallama, wanda suke kira mukafa'a: rabin albashin wata kan kowace shekara a biyar ɗin farko, cikakken albashin wata kan kowace shekara bayan nan. Amma idan kai ka ajiye aikin, ƙasa da shekara 2 ba ka da ko halala. Daga 2 zuwa 5 kashi ɗaya cikin uku, sama da 5 kashi biyu cikin uku, sai ka cika 10 ake ba ka duka. Mai ɗaukar Riyal 3,000 da ya fusata ana saura wata guda ya cika shekara biyar, bai kai ga 2,500 ba. Da ya cije ya haura biyar ɗin, 5,000 ce. Wanda kuma ya bari wa'adin kwantiraginsa ya ƙare ya ce ba zai sabunta ba, duka zai karɓa. Shi ya sa nake cewa a buɗe Qiwa, shafin ma'aikatar ƙwadago, a duba kwantiragi kafin a buɗe baki.

Tun Maris 2021 ma'aikacin kamfani da ya cika shekara yana iya komawa wani wuri ba tare da roƙon kafili ba. Direbobin gida da masu aikatau, Allah Ya kawo musu ɗauki, wannan sauƙin bai haɗa da su ba, nasu tsarin daban ne.

Sai kwanakin ƙarshe, inda da yawa ke ɓata rawarsu da tsalle. Ka faɗa wa mudir, wato manaja, da bakinka kafin ya ji a wajen mai kawo shayi. Makullin sito, wayar aiki, motar kamfani, ka miƙa su hannu da hannu a rubuta an karɓa, har lambar kilomitar da ke kan motar. Wanda zai gaje ka ka nuna masa wane kwastoma ke biya a kan lokaci, wane ne sai an bi shi. Garuruwan nan ƙanana ne a wajenmu. Gobe wani ɗan Kano zai zo neman aiki a wannan shagon, kuma da fitarka za a auna shi.

Amma rabuwa lafiya ba wauta ba ce. Za a turo maka takardar mukhalasa, wadda ke cewa ka karɓi komai, ana murmushi ana cewa sa hannu, kuɗin gobe in sha Allah. Ka mayar da murmushin, ka ce sai ka ga saƙon banki. Doka ta ba su mako biyu su biya wanda ya ajiye aiki da kansa, kuma takardar shaidar aiki kyauta ce, ka nemi taka kafin a buga maka huruj niha'i, wato bizar barin ƙasar gaba ɗaya.